Yatsa Uku a Cikin Kalmasa

Ni tela ce, 'yar tela. A gindin keken mahaifiyata a Maraɗi na tashi, kuma da muka zo Greensboro, nan ƙasar Turawa, keken ne ya ci gaba da rufa mini asiri. Shekaru na yi ina aiki a ƙuryar wani shagon wanki da guga a kan High Point Road, ina rage ƙafar wando, ina sauya zif, ina buɗe rigunan mutanen da suka yi ƙiba suna rantsuwa injin wanki ne ya cinye musu yadi. Asabar da Lahadi kuma in baje atamfa da shadda a falo in yi wa mutanenmu ɗinkin suna da na Sallah. Tun kafin in iya zura zare a allura uwata ta koya mini abu ɗaya, cewa ba a yi wa yaro ɗinki daidai jikinsa. In kin auna sai ki ƙara yatsa uku, ki naɗe su a cikin kalmasa, baɗi ki saki. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya yi Sallah da riga tana jan ƙasa, kuma babu abin da ya same shi.

Yaron da zan yi magana a kansa ɗan farina ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta jan shi a jiki kamar sauran. Haka na taso na gani, haka na yi. "Kai" nake ce masa, in ya yi nisa in aika ƙanwarsa ta kira shi. Malaman makarantarsu sun sha yi mini kallon mamaki in sun tambayi sunan yaron na juya na dubi ubansa. Shi kuwa da aka kawo shi ƙasar nan yana da shekara huɗu, ban san yadda ya ɗauki abin a ransa ba. In na yi masa Hausa da Turanci yake ba ni amsa. Hannuna ba ya taɓa jikinsa sosai sai in zan auna shi, sau biyu a shekara, kafin ƙaramar Sallah da kafin babba.

Ubansa makanike ne a wani filin sayar da tsofaffin motoci kusa da shagonmu. Ranar Asabar yakan tafi McLeansville wurin wani tsohon Bature da ke da gareji a bayan gidansa, can a tsakiyar gonaki, inda yake haɗa motocin tsere. Ni na ce ya riƙa tafiya da yaron, don na gaji da yadda yake kwance mini duk abin da ke da noti a gidan. Ban san abin da na jawo wa kaina ba. Yana da shekara tara suka ɗora shi a kan 'yan ƙananan motocin nan masu kama da faranti a kan taya huɗu, daga nan ba a sake shawo kansa ba. Kofunan da yake ci a tsere suka fara shigowa gida. Ban taɓa zuwa kallo ba, ban taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. Babban kofin dai na ajiye shi kusa da keke ina zuba maɓallai a ciki, don in riƙa ganinsa ba tare da wani ya ce kallonsa nake yi ba.

Da ya cika sha shida, Tsoho, haka muke kiran mai garejin, ya ce zai sa shi a motar gaske. Akwai wata gasa ta matasa da ake zagaya jihohi ana yi, daga ƙarshen sanyi zuwa lokacin da ganye ke zuba. Motocinta kujera ɗaya gare su, ba su da rufi, tayoyinsu huɗu a waje suke tsirara. Wanda ya yi fice a cikinta manyan ƙungiyoyi ne ke ɗaukarsa. Tsoho yana da irin motar guda ɗaya tak, ya ce ya ba yaron ita na kakar tsere ɗaya. Ranar da aka gaya masa ya ci tuwo malmala uku bai ma san ya ci ba.

Sai aka kawo takardar awon rigar tsere. Riga ce haɗe da wando, ta yadin da wuta ba ta saurin ci, wani kamfani ke ɗinka ta daidai jikin mutum ya aiko. Takardar na da zanen mutum da layuka birjik, wuya, kafaɗa, daga hammata zuwa wuyan hannu, daga ƙugu zuwa idon sawu. Ubansa ya ce ai ga tela a gida. Na tsayar da yaron a tsakiyar falo na auna shi tsaf da metir ɗina, wato tef ɗin awo, na juya santimita zuwa inci yadda suke so. Da na zo rubutawa sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na ƙara yatsa uku a hannu, uku a ƙafa, uku a tsawon baya. Ba ɓoyewa na yi ba, ban dai ga abin faɗa a ciki ba. Sabuwar riga dal, a ce a yi wa ɗan shekara sha shida ita daidai jikinsa? A raina na ce Turawan nan ba su san yara ba.

Bayan makonni ta iso a kwali, shuɗiya mai farin layi a gefe. Ya shiga ɗaki ya sa ya fito. Hannun rigar ya rufe masa yatsu, ƙafar ta taru a kan takalmi, gindin wandon ya sauko ya yi lilo. Ƙanwarsa ta tuntsire da dariya. Ni na ce ta yi kyau, zai cika ta. Ya dube ni idonsa ya kawo ruwa, ya yi ta zuba Turanci da sauri har ban kama rabinsa ba. Abin da na kama shi ne wannan ba rigar Sallah ba ce, kuma ba a mayar da ita. Na ce ya rage murya, da uwarsa yake magana. Ya rage, amma kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ubansa ne ya ce in zo in ji daga bakin Tsoho, ranar da za a zuba wa motar kujera. Wannan ne zuwana McLeansville na farko. Motar na tsaye a tsakiyar gareji, tsayinta ko ƙuguna bai kai ba, wurin zaman kuma wani dogon rami ne mai ƙunci da mutum zai shiga ya kusan kwanta. Abin da ya fara faɗo mini a rai ban so shi ba, na yi a'uziyya na kau da kai. Tsoho mutum ne mai sanyin magana. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini yadda yadin da ya yi yawa ke taruwa a ƙarƙashin bel ɗin da ake ɗaure direba da shi, da yadda zai iya maƙalewa in direba na son fita da gaggawa. Ya ba ni ƙwaryar zaren da wuta ba ta ci, ya ce in matse rigar in yanke abin da ya ragu. Na ce to.

Sannan suka shimfiɗa wata babbar leda a cikin motar, yaron ya zauna a kai, aka haɗa ruwan magani iri biyu aka zuba a ledar ta bayansa. Abin ya riƙa tashi kamar ƙullun fanke, yana bin bayansa da haƙarƙarinsa da cinyoyinsa, har ya daskare. Kujera ta fito da siffar jikinsa na ranar, ba ƙari ba ragi. Da ta bushe, Tsoho ya sa shi ya sa hular kwano ya koma ciki, ya ɗauko sandar tsintsiyar da yake share gareji da ita. A bayan kan direba akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ya ɗara kai tsawo, akwai wani ƙarami a gaban sitiyari. In mota ta kife a kan ƙarafan nan biyu take sauka, ba a kan mutum ba. Ya ɗora sandar daga wannan zuwa wancan. Dokar gasar ita ce sai an sami inci biyu tsakanin sanda da hula, in ba haka ba ba za a bar mutum ya hau hanya ba. Na ciro metir daga jakata na auna da kaina. Inci uku ne. Wato inci ɗaya ya rage masa ya ƙara tsawo.

Ubansa gajere ne, amma yaron ba shi ya ɗauko ba. 'Yan uwana maza ya biyo, waɗanda sai sun sunkuya suke shiga ɗakin uwarmu, kuma dukansu sai bayan sha shida suka miƙe. Tsoho ya ce in an fara a kan lokaci zai kai ƙarshen kakar lafiya, motocin da ke gaba da wannan kuma sun fi ta wuri. Maganar dai ita ce, bana ko babu. Yaron ya gane, ni ma na gane.

Na kawo rigar gida na yi kwana biyu a kanta. Yadin tauri gare shi, allura biyu ya karya mini. Na matse ta ko'ina har ta zauna masa. Da na zo wurin yankewa na ɗauki almakashi, na ajiye. Hannuna ya ƙi. Sai na naɗe ƙarin a ciki, na kwantar da shi sumul a wuyan hannu da ƙafa da ƙugu, na bi da ɗinki biyu yadda ba mai gani. Tsoho ya duba ya ce ta yi. Yaron ya rataye ta a bayan ƙofar ɗakinsa cikin leda, kullum kafin ya tafi makaranta sai ya taɓa ta.

Saura sati uku a fara sai saƙo ya zo. Shekarar ce da abubuwa suka tsaya cak a ƙasar nan, shaguna a kan titin Wendover suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, mutanenmu masu aikin sito ana ta sallamarsu. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin motoci suka janye, ƙungiyoyin da suka rage ba su kai a yi gasa da su ba, masu shiryawa suka ce an soke kakar bana gaba ɗaya, sai baɗi in hali ya yi. Ubansa ne ya shigo da takardar bayan la'asar. Yaron ya karanta a tsaye, ya ninke ta biyu ya miƙa masa, ya fita ya zauna a kan matakalar bene. Zan faɗi gaskiya, a lokacin daɗi na ji. Tun ranar da na ga ramin nan nake roƙon Allah Ya raba shi da shi cikin sauƙi. Sai da na leƙa ta taga na ga bayansa, kafaɗunsa sun sauko, sannan kunya ta kama ni. Har yau in na tuna ina jin ta.

Daga nan yaron ya shiga faɗa da jikinsa. Ya daina shan madara. Tuwo sai ya gutsiri kaɗan ya ce ya ƙoshi. Wani abokinsa ya ce masa baƙin kofi na hana tsawo, sai ga shi da safe yana kurɓar abu mai ɗaci yana yamutsa fuska. Ni kuma ban iya ganin ɗana da yunwa ba, sai in dama fura in ajiye a firji in yi kamar ban ga wanda ya sha ba. Duk da haka wandunansa suka riƙa hawa sama da idon sawu. A wurin suna ko walima matanmu su tare shi suna Masha Allah, ya wuce ubansa, wannan ai sai ƙwallon kwando. Ya yi murmushi ya gaishe su Anti, Anti, yadda muka koya masa. A mota kan hanyar gida sai ya zame a kujera ya duƙar da kai.

Wata rana na fito daga kicin na tarar da shi kwance a kan kafet, ƙanwarsa na tsallake shi tana dariya. A gida tun muna yara ake cewa in aka tsallake yaro ba zai yi tsawo ba, sai wanda ya tsallake ya sake tsallakowa baya. Ni na sha hana su wannan wasa suna ƙanana, ashe ya riƙe. Ya ce da ni wasa suke yi. Na san ba duka ne wasa ba. Na daka wa yarinyar tsawa na sa ta tsallako baya sau uku, yadda ta tsallaka. Na ce ba a gidana ba. Shekara nawa ina roƙon Allah Ya raya mini shi Ya miƙe kamar kawunnansa, yanzu a ce ana neman a tsayar da shi saboda mota?

Azumin shekarar ya faɗo a ƙarshen zafi. Ana saura kwana goma Sallah na kira shi awo kamar kullum. Ya tsaya a tsakiyar falo, na yi kafaɗa, na yi hannu, na yi ƙafa. Da na zagaya bayansa na ɗora metir a ƙashin wuyansa na sauko zuwa ƙugu, na ji ya riƙe numfashi. Ya san ba ƙafa ce ke kai hula sama ba, baya ne. Na ga lambar. Ta wuce inci ɗayan da ya rage masa.

"Mama, nawa?" ya ce, da Hausa.

Na ɗora babban yatsana a kan lambar. "Tsaya daidai, kana motsi."

Bai sake tambaya ba. Ya je ya kwanta a ƙasa a bakin ƙofar kicin inda iskar fanka ke bugawa, ya rufe ido, azumi ya galabaitar da shi. Na tattara shaddar da zan yanka masa na rungume. Akwai wurin da zan bi in kewaye shi. Na san abin nan camfi ne, na ji malamai sun yi magana a kai, kuma na san an riga an makara. Na ɗaga ƙafa na tsallake shi na wuce, ban tsallako baya ba. Ƙanwarsa ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta ta rufe. Shi bai buɗe ido ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Da ganye ya fara zuba sai labari ya zo cewa gasar za ta dawo baɗi. Tsoho ya ce a kawo yaron ranar Asabar a sake gwada shi a motar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yaron ya kawo mini rigar ya ajiye a kan keke, ya ce ta matse shi, ba ta rufuwa a kafaɗa, ko akwai abin da za a yi. A zatonsa na yanke. Na ɗauko reza na bi ɗinkin ina farkewa, yadin da na naɗe ya riƙa fitowa sabo, ya fi sauran shuɗi. Yana tsaye yana kallo. Na sake ɗinkewa da ragowar zaren Tsoho, na goge. Ya sa. Hannun ya tsaya daidai wuyan hannunsa, ƙafar daidai idon sawu. A duk shekarun da na yi ina ɗinki ban taɓa ganin riga ta zauna wa mutum haka ba.

Washegari na bi su ba tare da an ce in zo ba. Tsohuwar kujerar ko shiga cikinta bai iya ba, aka cire ta aka jingina da bango. Ya zauna a kan wani siririn soso, kusan a ƙasan motar, ya zame gaba iya zamewa har gwiwoyinsa suka tokare ƙarfen gaba. Ya sa hula ya nutsa wuyansa cikin kafaɗu. Tsoho ya ɗora sandar tsintsiya. Yatsa ɗaya da ƙyar ya shiga tsakaninta da hular. Aka cire soson, aka matsar da fedojin birki da totur, ubansa ya kwanta a ƙasa yana kwance wani abu da shi ma ya san ba zai taimaka ba. Aka sake ɗora sandar. Ban ciro metir ba, babu wanda ya nema. Tsoho ya jingina sandar a bango a hankali, ya ce wa yaron ya yi haƙuri, ba zai sa shi a motar da in ta kife kansa ne zai fara taɓa ƙasa ba.

Yaron ya ɗan jima a ciki sannan ya fito. Ya cire hular ya ajiye a kan taya. Yana tsaye a tsakiyar gareji cikin shuɗiyar rigarsa, ya fi kowa a wurin tsawo. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na kama wuyan rigar ina gyarawa, alhali babu abin da ya karkace.

"Saura nawa a ciki?" ya ce a hankali.

"Babu. Duka na saki."

Ya gyaɗa kai. Hannuna na nan a kafaɗarsa, a gaban ubansa da Tsoho, ban ɗauke ba.

"Da an yi tseren nan," na ce, "da na zo kallo."

Ya dube ni daga sama, ya ce ya sani.

Bai cire rigar ba, da ita ya shiga mota. Ubansa na tuƙi, ni ina gaba, shi yana bayana. Motarmu ƙarama ce, gwiwoyinsa suka tokare bayan kujerata, ina jin su a gadon bayana tun daga gonakin McLeansville har muka shigo gari. Ubansa ya ce in ja kujerar gaba in ba shi wuri. Na ce a bar ta haka.